Rasuwar Monitar Malam Bamalli

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, iyalan Malam Bamalli mai aikin wuya, na unguwar Magajiya a nan Suleja, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da teloli, da duk wanda ya taɓa sa kaftanin da ya fito daga shagonsa, rasuwar monitarsa, wato allon kwamfutar da yake zana aiki a kai. Ta cika ranar Litinin da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta, bayan doguwar jinya da aka sha gardama a kanta. Ta yi shekara goma sha uku a hannunsa. Shekarunta na kafin nan ba wanda ya sani, domin a gwanjo ta zo.

Marigayiyar baƙa ce, inci goma sha tara, tsawonta da faɗinta kusan ɗaya, irin ƙirar nan da 'yan zamani ke gani su kama dariya. Ta fito ne daga wani ofis a Abuja da ya sake kayan aiki, ta iso Suleja a bayan mota ƙunshe cikin bargo, da wata takardar lamba manne a ƙeyarta wadda har ta bar duniya ba a iya ɓamɓare ta ba.

Kafin a shiga lissafa halayenta, dole a taɓa wata magana da ke yawo a layin teloli, tun da ko an yi shiru a nan za a ji ta a wajen zaman makoki. Ana cewa wai monitar lafiyarta ƙalau, wai idon Malam Bamalli ne ke tafiya, wai kuma shi kansa ya sani. Maigidan ya ce a rubuta cewa ƙarya ce, an kuwa rubuta. Abin da ya biyo baya tarihin jinyar ne yadda ta faru, ba ragi ba ƙari.

Marigayiya mai haƙuri ce, wannan kam ko maƙiyinta zai shaida. Ta sha wutar da ke zuwa rabi-rabi, ta sha wadda ke zuwa da haukarta ta ƙone fanka da rediyo, ta sha janaretan maƙwabta mai tari, ba ta taɓa yin yaji ba. Shekarar da rufin shagon ya yi yoyo, ruwa ya ɗiga mata a ka tun safe har azahar, aka goge ta da tsumma aka shanya, washegari ta koma bakin aiki. Ba ta ƙaryar launi. In ta nuna maka ruwan goro, ruwan goro za ka gani a jikin shadda. Ba ta da surutu kuma. Maganarta a duniya biyu ce: in an danna maɓallinta ta ce ƙyas, ta ɗan nisa, sannan ta buɗe fuska, da girma ya kama ta kuma ta ƙaro wani siririn tsiii mai kama da kukan sauro, wanda Malam yake cewa ƙorafin tsufa ne, a ƙyale ta ta yi abinta.

Wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Malam Bamalli ɗan gado ne. Mahaifinsa da allura da zare yake yi wa manyan riguna aska da tambari da dagi, shi ma da allurar ya tashi. Da injin monogiram ya shigo gari, wannan injin da ke ɗinka aikin wuya da kansa in an ba shi zane, sa'o'insa da yawa suka yi fushi suka koma gefe suna tsine wa zamani. Shi kuwa ya zage ya koya. Yana zana aikin a kan monita, ɗigo bayan ɗigo, ya zuba a filash, ƙanensa Hashim, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya ɗauka ya kai wa injin a ƙuryar shago. Sai dai Malam yana da doka guda. Akwai wani maɓalli a kwamfuta da in ka zana gefen dama na wuya ka danna shi, zai juyo maka shi hagu, tas, ba wahala. Duk masu sana'ar da shi suke aiki. Malam Bamalli bai taɓa danna shi ba, yana kiransa maɓallin ragwaye. Dama ya zana da hannunsa, hagu ya zana da hannunsa, kamar yadda Baba ke yi da tawada a kan yadi. Shi ya sa teloli ke tasowa daga Tafa da Madalla su wuce shaguna goma su zo nasa, suna cewa aikinsa yana da rai.

Ciwon ajali ya fara ne da damina, shekara biyu da suka wuce, ya kuma fara da ƙaramin abu. Wata safiya Malam ya ce wa Hashim monita ta cinye agogo. Ɗan agogon nan da ke zaune a kusurwar ƙasa, ya ce ya ɓace. Hashim ya leƙo ya ce ga shi nan, sha ɗaya da minti goma. Malam ya juya kai, ya gan shi, ya ce to yanzu ya dawo, dama zuwa yake yana komawa. Aka yi dariya aka bar maganar. Bayan agogo sai kibiyar maus. Da zarar ta yi gefen hagu sai ta nutse, sai ya yi ta kaɗa maus ɗin a kan tebur yana tsaki har ta ɓullo a tsakiya. Daga nan ya ce fuskarta ta dushe. Ya ƙara mata haske, ya sake ƙarawa, har Hashim ya ce shi fa in ya kalle ta hawaye yake yi, sai ka ce wajen masu walda.

Aka kira Timoti, mai gyara da sayar da kayan kwamfuta a bakin titin Madalla, mutumin kirki mai bakin ciniki. Ya zo ya kwance ta, ya hure ƙura, ya sake mata waya, ya jona ta da tasa kwamfutar, ya juya ta gaba da baya. Ya ce shi dai bai ga komai ba. Amma da yake ɗan kasuwa ne, kafin ya rufe jakarsa ya ce gaskiya ta tsufa, kuma yana da wata a shago, inci ashirin da biyu, mai faɗi, irin wadda ake yayi. Tsayinsu kusan ɗaya da wannan, in ji shi, ƙarin duk a gefe yake, dama da hagu, mutum ya baje aikinsa ya sha iska.

Tun daga ranar shawara ta zauna a shagon ta ƙi tashi. A saya ko kada a saya? Wallahi ko neman aure ba a yi masa irin binciken da Malam Bamalli ya yi wa inci ukun nan. Ya auna tebur da tef ɗin tela, ya sake aunawa. Ya yanko kwali daidai girman sabuwar, ya jingina a bango ya zauna yana kallonsa. Ya tambayi teloli, ya tambayi mai shayi, ya tambayi wani ma'aikacin Abuja da suka haɗu a mota. Ranar Juma'a sai ya yanke shawarar saye, Asabar da safe ya danna maɓalli, ta ce masa ƙyas, ya ce ina, ba zai ci amanar tsohuwa ba saboda inci uku. Wani lokaci ya ce mai faɗi za ta ɓata masa ma'aunin ido, wuyan kaftani ya fito a kwance. Wani lokaci ya ce ai dama matsi ne ke sa abubuwa ɓacewa a gefe, in aka samu fili za su dawo. Timoti ya sayar da waccan, ya kawo wata irinta, ya sayar, ya sake kawowa, Malam yana nan yana shawara.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ciwon marigayiya ya fara bin sa gida. Ƙofar ɗakinsa ta tsuke, kafaɗarsa ta hagu ta sha bugun ƙyaure har ta yi tabo. Butoci suka koyi tare masa hanya. A masallaci mutum zai miƙo masa hannu ta gefe, hannun ya gaji da tsayuwa ya koma aljihu, har aka fara cewa Bamalli ya samu duniya ya daina gaisawa da mutane. Ran nan a mararraba wani ɗan acaba ya fito masa daga inda shi ya rantse babu kowa, ya shafi gefen rigarsa ya wuce yana zagi. Sati bai zagayo ba Malam ya jingine nasa mashin ɗin a zaure, ya ce tafiyar ƙasa ta fi lafiya ga mai shekara hamsin da shida.

Matarsa Saudatu kuwa, ba abin da ya wuce ta. Ta ga yadda ya koma juya kai gaba ɗaya in zai dubi abu. Sai ta janye turmi daga hanyar banɗaki, ta koma ajiye masa kwanon tuwo da na miya a jere gaba da baya maimakon dama da hagu, ta hana jikoki barin takalma a bakin ƙofa. Shi ma ya ga duk wannan, ya yi kamar bai gani ba. Haka suka zauna wata da watanni, kowa na ɓoye wa ɗan uwansa abin da dukansu suka sani.

Tsoro ne, ba taurin kai ba, gara a faɗe shi da sunansa. Malam Bamalli ya san wannan hanyar, ya taɓa raka wani a kanta. Baba ma haka ya fara. Ya ce masu ƙera allura sun lalace, sun rage mata kafa. Ya ce zaren yanzu ba shi da launi. Ya matsa da tabarmarsa daga zaure zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa tsakiyar rana. Idonsa kuwa garau, fari tas, ba yana ba ja, wanda ya kalle shi ba zai ce ga abin da ke ciki ba. Ƙarshe ya zauna da hannuwa a kan gwiwa, yatsunsa na motsi su kaɗai suna ɗinkin da babu yadi. Shekara tara Bamalli ne ke kai shi masallaci. Har yau in ya tuna, yana jin nauyin tafin nan a kafaɗarsa, da yadda tsohon ke tambaya a hankali ko sun iso kwata.

Sau ɗaya ya gwada kansa. Wata ranar Laraba da hantsi, Hashim ya fita sayen zare, shago ba kowa. Malam ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya dubi monita da na hagu. Abin da ya gani ɗan tsakiyar zanen ne kawai, kamar mai leƙe ta ramin kwarkwaron zare. Sauran ba duhu ba ne, da duhu ne ma da sauƙi. Babu ne kawai. Ya sauke hannun da sauri, ya kai wa marigayiya mari a gefe, ya ce mata munafuka. Ita dai tsiii kawai ta ce, ta ci gaba da nuna masa aikinsa.

Jinya ta yi tsanani ne a bikin ɗan Alhaji Nasiruddeen, wani dattijo mai sayar da kayan gini da ya daɗe yana kawo aiki shagon. Kaftani goma sha biyu na abokan ango, anko, farar shadda, zare ruwan zuma. Hashim ya tafi Tafa suna, Malam ya ce ba sai an jira shi ba. Ya zana dama, ganye tara da dagi a ƙasa. Ya zana hagu. Ya kai wa injin da kansa, ya ɗinke goma sha biyun, ya ɗaga kowanne ya duba ya ninke. Da Alhaji ya zo karɓa sai ya warware na sama. Ya warware na biyu. Gefen hagu ganye shida ne, dagin kuma ba wutsiya, zaren ya tafi ya tsaya a fili kamar wanda aka kira shi ya manta da abin da yake yi. Duka goma sha biyun haka suke.

Malam ya karɓa ya kawo kusa da fuska, ya karkata kai, ya gani. Ya yi ta maza ya ce ai sabon salo ne, babbar riga ma gefe guda take ɗaukar aiki, kuma monitar ce ke yanke masa gefe. Da Alhaji ya yi faɗa, da ya ɗaga murya ya tara masa jama'a, da Malam ya ji daɗi, don ya san yadda ake amsa faɗa. Amma Alhaji bai ƙara kallon kaftanin ba. Fuskar Malam ya tsaya kallo, ya daɗe, sannan ya ce Allah ya sawwaƙe, a gyara in an samu hali. Tausayin nan ya fi mari ciwo, har Malam ya kasa cin abincin rana.

Hashim ya dawo ya kwana uku yana cike ganyaye. Daga ranar kuma, duk zanen da yayansa ya miƙa masa, sai ya faki ido ya goge hagun, ya danna maɓallin ragwaye. Aiki ya koma fita daidai, dama da hagu kamar an tsaga kara. Teloli suka ce aikin ya yi tsaf amma wani abu ya ragu, sun rasa mene ne. Malam ya shafa wuyan wani kaftani da yatsa, ya gane a take, domin bai taɓa yin ganye biyu iri ɗaya ba a rayuwarsa. Ya ninke ya ajiye, bai tambaya ba.

Saudatu ce ta gaji da shirun. Ta je ta samu maƙwabciyarsu Rifkatu, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin ido, ta zayyana mata komai. Rifkatu ta shigo gaisuwa da yamma, ta zauna, aka taɓa hira, tana magana tana ɗaga hannunta a gefen fuskarsa tana kaɗa yatsu. Bai ko ƙifta ba. Ta ce ita ba likita ba ce, amma abin ya yi mata kama da hawan jinin ido, kuma yana bin jini. Ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya riƙe shi da magani ko aiki, in an yi sauri, kuma kowane wata da ya wuce da abin da yake tafiya da shi. Washegari ta kawo katin ganin likita, ranar Alhamis ƙarfe tara na safe. Malam ya yi godiya, ya ce a bari ya fara sake monita tukuna, in abin bai daina ba sai a san abin yi.

Shi ya sa ranar Litinin da safe, bayan shekara biyu ana auna tebur, ya sa hularsa ya ce wa Hashim su je Madalla. A mota ma har da raha, yana cewa yau tsohuwa za ta yi ritaya. Ya sa rai, Allah ya sani ya sa rai. Ya riga ya gaya wa zuciyarsa cewa da ya zauna gaban mai faɗin nan duniya za ta buɗe, agogo ya dawo, ya je ya mayar wa Rifkatu katinta.

Timoti ya tarbe su da murna, ya goge kujera, ya ciro mai faɗin daga kwali ya jona. Ya karɓi filash ɗin Malam ya buɗe wani zanen wuya, ya baje kayan aikin zane dama da hagu, yana ta zuba: ga fili nan, ga fili can, ba sauran matsi. Malam ya zauna ya gyara hula, ya dubi tsakiya yadda ya saba. Ya ga zanensa. Ya ga daidai abin da yake gani a shago, ba ƙarin ko ɗan yatsa. Ya jira ko sauran zai zo.

"Timoti, ina faɗin?"

Timoti ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya kai yatsa can ƙarshen hagu ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Ga shi nan, Oga. Har nan fa ta kai."

Malam ya ji ƙas-ƙas ɗin farcen sarai, amma ba yatsa, ba hannu. Ya juya kai, ga yatsan. Ya dawo da kai tsakiya, yatsan ya tafi, ya tafi da Timoti gaba ɗaya. Ya sake yi sau biyu, a hankali, kowa na kallonsa. Dariyar Timoti ta tsaya. Ya ce akwai mai inci ashirin da huɗu a ciki in za a gwada, amma muryarsa ta riga ta yi sanyi, bai ma motsa ya ɗauko ba. Hashim ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Motocin Abuja na ta wucewa a titi. Can Malam ya miƙe ya ce launinta bai yi masa ba, ya laluɓi filash ɗinsa ya fita, kafaɗarsa ta daki ƙofa.

Suka dawo Suleja. Malam ya yi azahar, ya shiga shago ya zauna a gaban tsohuwa. Ya danna, ta ce ƙyas, ta nisa, ta buɗe fuska kamar kullum, ba fushi ba gori, ko da yake ta san inda ya je. Ya daɗe yana kallonta. A nan ya gane cewa shekara biyun nan ba ita ke ƙanƙancewa ba, kuma nan gaba kaɗan ita ma za ta yi masa faɗi. Ya zura hannu ta bayanta, ya laluɓo wayar wuta, ya zare. Tsiii ɗin ya tsaya. Ya kira ƙanensa.

"Hashim, ta mutu."

Hashim ya zo ya tsaya. Ya dubi wayar a ƙasa, ya dubi yayansa.

"Allah ya ba mu haƙuri, Yaya."

Ya ɗauko ragowar farar shadda ya lulluɓe ta. Wannan shi ne cikawarta, a gaban shaidu biyu, kuma ba a kira Timoti ya tabbatar ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, injin kwamfuta, wanda ke ƙarƙashin tebur yana ta hura iska shi kaɗai bai san an yi rasuwa ba. Ta bar kibod mai haruffa huɗu da suka goge, da maus ɗaya, na bakwai a zamaninta, da sitabilaiza da ya sha wuya dominta. Ta bar filash mai ɗauke da zanen wuya sama da dubu uku, kowanne dama daban hagu daban, waɗanda yanzu ba mai iya yin irinsu a garin nan. Ta bar Hashim, wanda aiki ya tsaya masa cak tun Litinin, teloli na zuwa suna komawa da yadinsu. Ta kuma bar Malam Bamalli, wanda ke zuwa shago kullum ƙarfe takwas, ya zauna a kujerarsa gaban farin yadin, hannuwansa a kan gwiwa.

Ba a naɗa magajiya ba, ba kuma za a naɗa ba. Timoti ya aiko cewa ya ajiye mai faɗin har Malam ya shirya, aka ce a gaya masa ya sayar. Ya sake aikowa cewa to a ba shi gawar, yana da mai so. Nan Malam ya fusata irin fushin da ba a taɓa gani ya yi ba, ya ce ba mai jona ta da wuta a bayan idonsa. Masu cewa a kai ta wani wajen gyara a Abuja su ma an gode musu, a bar maganar.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a yi wanka ba, don marigayiya ba ta shiri da ruwa, ba kuma za a yi salla ba, don ba ta cikin waɗanda ake yi wa. Ghali mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, zai zo da baronsa ya ɗauke ta daga shago, bisa sharaɗin da Malam ya kafa, cewa sai an sa guduma an fasa gilashin a gabansa kafin baro ya motsa. Malam ne ya zaɓi rana da lokaci da bakinsa: Alhamis, ƙarfe tara na safe. An tuna masa cewa akwai wani wurin da ake jiransa a daidai wannan lokacin, har Rifkatu ta nemo motar da za ta kai shi. Ya ce shekara goma sha uku ba wasa ba ce, ba zai bari a fita da ita ba ya nan.

Saudatu, wadda ba a taɓa jin ta sa baki a harkar shago ba, ta sa mayafi ta zo har can jiya da hantsi. Ta tsaya a gabansa daidai, inda zai gan ta.

"Malam, gawa za ta iya jira. Ita ba ta da sauran abin da za ta rasa."

Har zuwa lokacin da ake buga wannan sanarwa ba a sake lokacin jana'iza ba, ba a kuma sallami mai motar ba.

Ana zaman makoki a shagon, daga safe zuwa la'asar. Iyali na roƙon masu zuwa ta'aziyya da su taho ta gabansa, su yi sallama da ɗan ƙarfi, su faɗi sunansu ko da sun shekara talatin tare. A bar hanyar ƙofa a buɗe, kada a ajiye takalmi ko buta a kai. Wanda kuma ya miƙa hannu ta gefe bai ga an karɓa ba, don Allah kada ya riƙe shi a rai, ya zagayo ta gaba ya sake miƙawa.